Katakon Kabarin Julak Imberan

Mijin yayata, wanda duk Rantau Bamban ke kira Julak Imberan, bai taɓa tsoron mutuwa ba ko da wasa. Abin da ya hana shi sakat tsawon rayuwarsa shi ne a binne shi ya taso. Ku dakata da dariyar tukuna. Gari ne da gidajensa ke kan dirkoki, hanyarsa gadar katako ce daga ƙofa zuwa ƙofa, maƙabartarsa kuwa rabin shekara sai dai ka gane ta da kawunan turakun kaburbura da suka leƙo saman ruwa. In aka haƙa kabari, kafin a ajiye shebur ya cika. Shi ya sa ba ma sa mamaci da likkafani kaɗai, sai a cikin tabala, akwatin katako, maza su hau kai su danna shi cikin laka. In na ulin ne, itacen nan mai taurin ƙarfe, magana ta ƙare, ulin ya fi ruwa nauyi, mutum ya kwanta ke nan sai tashin ƙiyama. In na katakon banza ne, to, sai yadda ruwa ya ga dama.

Ni Hamsiah, ƙanwar matarsa ce. Gidana yana jingine da nasu tun da aka kawo ni unguwar, don haka abin da ban gani da idona ba, na ji shi ta tsagin bango, kuma ban taɓa toshe kunne ba.

Abin ya samo asali ne tun yana sabon ango, shekarar babbar ambaliya. Akwai wani tsoho, Kai Sabran (Kai a wurinmu shi ne kaka), da 'ya'yansa suka yi masa ƙwauron katako, suka haɗa masa tabala da ragowar wani tsohon akurkin agwagi. Da ruwa ya cika ya tumbatsa, rana tsaka, ranar kasuwa, sai ga Kai Sabran ya biyo ruwa a hankali kamar mai yawon shan iska, agwagwa biyu zaune a kansa. Bai tsaya ko'ina ba sai a dirkokin shagon mai kofi, inda ya saba zama yana raye. Mai kofin ya leƙo, ya yi salati, sannan bakinsa ya suɓuce ya ce, "Kai, da sukari ko babu?" Mutane suka yi ta dariya suna istigfari, suna istigfari suna dariya. Imberan ne aka sa ya ɗaura akwatin a gindin kwale-kwalensa ya mayar da shi maƙabarta. Ya tafi yana saurayi mai barkwanci, ya dawo da fuska kamar an aiko masa da sammaci.

Makon bai ƙare ba ya ɗauki karsanar ɓaunar da ubansa ya bar masa, ita kaɗai tal, ya ba wani mai jirgin katako, ya karɓi falankan ulin masu kauri, dogaye, don shi ma dogo ne kamar sandar tuƙi. Yayata Barlian, ita kuwa gajeriya ce, amma abin da Allah ya rage mata a tsayi ya cika mata a baki.

"Uban gida," ta ce masa, "karsana mai haihuwa ka bayar ka karɓo wannan? To bari mu gani ko falanki zai yi ciki."

"Karsana tana mutuwa," in ji shi.

"Kai ma haka."

"Shi ya sa na saya."

Wannan ce maganar da suka yi ta maimaitawa har kansu ya yi fari, sai dai a canza mata riga.

A wurinmu ƙasa ba dukiya ba ce, wa zai yi alfahari da gonar da kifi ke yawo a kanta? Katako ne dukiya. In uba ya mutu, dirkokin gida ake rabawa, kuma na ga 'yan'uwa biyu da suka daina gaisawa saboda ƙofar taga. Da ulin ya fara wuya, jiragen katako suka daina saukowa, sai ɓarayi suka buɗe ido. Ɓarawon ruwa kuwa ba shi da sawu. Ka kwanta da matakala a ƙofarka, ka tashi ka zura ƙafa ka ji ka a ruwa. Julak ya nutsar da falankansa cikin laka a ƙarƙashin gida, ya naɗe su da sarƙa, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya. Bai tsaya nan ba. Ya ja zare daga sarƙar, ya biyo da shi ta tsagin daɓe, ya jera gwangwanaye a jiki. Duk kifin da ya gifta sai gwangwani ya yi ƙara, sai ka ga Julak ya diro da adda, zani a hannu.

Kullum da safe, kafin ya gaida matarsa, sai ya shiga ruwa ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Juma'a shi ne ƙarshen shiga masallaci, shi ne farkon fita, liman bai gama juyo da kai daga sallama ba Julak ya kai bakin gada. Da aka aurar da 'yarsu Norsehan can Samarinda, kowa ya shiga jirgi rakiya, ban da uban amarya.

"Julak, 'yarka guda!" na ce masa.

"'Yata tana da miji yanzu. Su kuwa waɗannan ba su da kowa sai ni."

Shekara-shekara, in ruwa ya ja baya, sai ya fito da su ya wanke, ya shimfiɗa mafi faɗin a kan gada, ya kwanta a kai ya miƙe sambal, hannu a gefe, ido a rufe, wai yana gwada ko ya ƙara tsayi. Yara su taru suna yi masa kabbara. Wata rana Yaya ta fito da ruwan wankin kifi ta sheƙa masa.

"Tunda ka mutu, ga wankan," ta ce. "Tashi ka gyara mini rufin da ke yoyo, munafuki."

Kada ku ɗauka mugu ne. Ba ya duka, ba ya zagi, in ya kamo kifi babban na Yaya ne. Idan ruwa ya shigo ɗaki, shi ke ɗaga mata gado a kan dakali ya kore macizan da suka zo neman mafaka, har nawa ɗakin yakan leƙo. Amma ka taɓo zancen katakon nan, sai ka ga wani mutum daban. Na taɓa tambayarsa, ina wasa ina gaske, "To ita Yaya fa, a me za a sa ta?" Ya kalli sama, ya kalli ruwa, ya ce, "Kowa ya tanadi nasa. Ai tana da agwagi." Wallahi ranar da ina da ƙarfi da na tura shi ruwa.

Sai shekarar gobara.

Ranin ya yi tsanani, ruwa ya janye har laka ta tsattsage a ƙarƙashin gidaje, kwale-kwale suka kwanta a gefe kamar matattun kifi. Falankan Julak suka fito fili, kowa na wucewa yana gani. Hankalinsa ya tashi, ya kwashe su ya shigar ɗaka, ya jera ƙarƙashin gado. A lokacin gwiwoyin Yaya sun kumbura, ba ta iya takawa sai da dafa bango, a kan gadon take wuni.

Da hantsi wata a can ƙarshen layi ta ɗora mai a kan risho ta tafi gulma. Gidajenmu kuwa rufi na taɓa rufi, katako ya bushe ƙayau, ga iska. Kafin ka ce kwabo wuta ta ci gida uku tana tahowa ta kan gada kamar an aiko ta. Babu ruwan kashewa, garin da ruwa ke shiga mana har cikin tukunya, ranar ko na kurkure baki sai an yi tafiya. Abin da muka gada shi muka yi: maza suka hau ɓamɓare falankan gada don a yanke wa wutar hanya, mata muka hau jefa kaya ta taga cikin laka. Tukwane, katifu, keken ɗinki, har wata ta jefo surukarta, ta ce ba ta lura ba.

Na jefar da nawa, na ruga gidan Yaya. Me zan gani? Julak ne yake fitowa da falanki a kafaɗa, ya wurga shi laka, ya koma da gudu. Yaya tana kan gado tana tari, hayaƙi ya cika ɗaki.

"Uban Norsehan, ɗauke ni!"

"Ina zuwa!"

Ya sunkuya, ya zaro wani daga ƙarƙashinta, ya fita. Ya dawo.

"Uban Norsehan!"

"Na ce ina zuwa, ki yi haƙuri mana!"

Na kama ta zan ɗaga, na kasa, don gajarta ba rashin nauyi ba ce. Ina ihu, ina zaginsa da duk abin da ya zo bakina, har da waɗanda ban san na iya ba, shi kuwa ko a jikinsa. Rufin kicin ya kama. Saura falanki ɗaya, mai faɗin nan da yake kwanciya a kai, ya jawo shi tsakar ɗaki, gefensa har ya fara cin wuta. Sai Yaya ta mirgino daga kan gado, ta faɗa a kansa rub da ciki, ta rungume shi da hannu biyu.

"To ja!" ta ce. "Tunda ita ce uwargidan, ja mu tare!"

Haka ya ja su, falanki da mace, ta ƙofa, ta kan matakala, tim cikin laka. Ni na biyo baya da ɗankwali yana hayaƙi. Yaya ta ɗago kai, laka har cikin hanci, duk unguwa na tsaye ana kallo, ta tofar ta ce, "Jama'a ku shaida, katako ya cece ni. Mijina yana wurin."

Gida ya ƙone ƙurmus, nasu da nawa da na layin gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Aka yi gayya aka tayar mana da 'yan rumfuna a kan itacen galam, wanda in ya shekara biyar sai ka yi masa godiya. Wani ɗan kasuwa ya taso tun daga Amuntai da ya ji labarin falankan, ya ce zai gina musu gida sukutum da rufin kwano a madadinsu. Mai gari ya sa baki, liman ya sa baki, ya ce masa, "Julak, aikinka ne zai riƙe ka a kabari, ba katako ba." Julak ya ce, "Allah gafarta malam, ai Kai Sabran ma ba ya fashin jam'i." Liman ya tattara rigarsa ya tafi. Julak kuwa ya mayar da falankansa ƙarƙashin sabuwar rumfa, da sarƙarsu da gwangwanayensu.

Daga ranar Yaya ta daina yi masa magana kai tsaye. Agwagi take gaya wa. Yana zaune a gefenta za ta watsa musu dusa ta ce, "Ku gaya wa mai akwati shinkafa ta nuna." Shi kuma ya ce, "Ku ce mata gishiri ya yi yawa." Agwagin nan sun ji abin da ko alƙali bai ji ba. Amma tsakanin miji da mata sai Allah: da yamma ina hango shi ta tsagin bango yana shafa mata man zafi a gwiwa, ita kuma tana gaya wa agwagwa cewa hannun wani kamar bayan kada.

Ni ce na kasa yafewa. Duk inda muka haɗu sai na soka masa. In ya ce "Hamsiah, ina kwana," in ce "Ina zuwa." Har yaran unguwa suka ɗauka, in uwa ta aiki ɗa ya ƙi tashi sai ta ce, "Au, ina zuwan Julak ne?"

Wata rana ina tsefe wa Yaya kai na ce, "Yaya, bari in fara ajiye kuɗin ƙwai, ko falanki ɗaya-ɗaya ne mu tara miki."

Ta yi dariya har da tari. "Bar wahalar da kanki. Ku sa ni a duk abin da kuka samu. In na taso ma ai gaba ta kai ni, in bi ruwa in ga Amuntai, in ga Banjarmasin. Mutumin nan bai taɓa kai ni ko'ina ba, yana gadin katako."

Na yi dariya, amma na koma ɗaki na yi kuka, don na san da gaske take, kuma na san ta gaji.

Yaya ta rasu a lokacin da ruwa ke cike, irin cikar da gada ke nutsewa sai an bi ta da sanda. Da safe ne, ta sha kofi, ta ce wa agwagi su gaya wa mai akwati ya rufe taga iska na damunta. Ya tashi ya rufe, ya juyo, shi ke nan.

Aka aika wa Amang Kursani kafinta. Ya zo da kwale-kwale da zarto da wasu falankai farare marasa nauyi, irin waɗanda in ka jefa a ruwa suke rawa. Ya ce abin da ke akwai ke nan a garin, sai dai a ɗora mata duwatsu, duwatsun ma ina suke a fadama? Na kalli katakon nan, na tuno Kai Sabran da agwagi a kansa, sai raina ya ɓaci. Na bar mata suna haɗa ruwan wanka, na ɗaura ɗamara, na fita neman Julak. Na shirya maganganun da zan gaya masa, waɗanda in ya ji ba zai ƙara cin abinci da daɗi ba.

Ban same shi a ɗaki ba. Gwangwanaye na ji suna ƙara, dukkansu lokaci guda. Na leƙa ƙarƙashin gida. Ga tsoho cikin ruwa har wuya, yana rawar sanyi, makulli a baki. Ya nutse, ya daɗe har na fara salati, ya taso da kan falanki a kafaɗa.

"Me kike kallo?" ya ce. "Kama mana."

Duk maganar da na shirya ta bi ruwa. Na durƙusa na kama. Samari suka zo za su shiga su taya shi, ya ce kada wanda ya taɓa, shi ya san yadda ya ɗaure su. Ɗaya bayan ɗaya ya fito da su, baƙaƙe wuluk, santsi kamar yau aka sare su, na ƙarshe shi ne mai faɗin nan da tabon wuta a gefe.

"Wannan a ƙasa," ya ce wa Kursani. "Ta riga ta saba da shi."

Kursani ya auna gawa da igiya, ya auna katako, ya sosa ƙeya. "Julak, sun fi ta da kamu guda da wani abu. In bar su haka? Zunubi ne a sa wa irin wannan zarto."

Ni na san me ke nan a wurinsa. Tun yana ango yake kwanciya a kan katakon nan yana auna kansa.

"Yanka daidai ita," ya ce. "Kada ta ce aro na ba ta. Kun san bakinta, sai ta dawo mini da shi."

Wasu suka yi dariya, suka kama baki. Zarton Kursani ya yi ta kuka a jikin ulin har haƙoransa suka dakushe, Julak yana tsaye yana riƙe masa ƙarshen, ruwa na ɗiga daga zaninsa. Ban ga hawaye a idonsa ba, amma da guntun farko ya faɗi, sai da ya dafa kafaɗata, ni da ya fi kowa sanin ba na ƙaunarsa. Ban ture hannun ba.

Maza sun ce da aka sauke ta ba a ma buƙaci kowa ya hau ya danna ba. Ta tafi ƙasa da kanta, shiru, abin da ba ta taɓa yi ba tana raye.

Guntayen da suka rage ya haɗa 'yar kujera da su, a kai yake wuni a bakin ƙofa yana watsa wa agwagi dusa. Ya kwance zaren, ya zubar da gwangwanayen, ƙofarsa ma ya daina rufewa, ya ce ɓarawon da ya shigo sai dai ya bar masa sadaka. Ya je Samarinda ya ga jikokinsa, ya dawo yana cewa garin hayaniya ce kawai. Ni ke kai masa abinci. In na ce "Julak, zo ka ci," sai ya ce "Ina zuwa," mu kalli juna.

Da na ga jikinsa ya fara saki na ce, "Julak, Norsehan ta ce za ta nemo ulin ko nawa ne."

"Ta riƙe abinta ta yi wa 'ya'yanta matakala."

"To in ka taso fa?"

Ya watsa wa agwagi dusa. "Tsoron nan yana nan, Hamsiah, ƙarya ne in ce ya tafi. Har mafarkinsa nake yi, ni da agwagwa a kaina, yara na bi na da kabbara." Ya gyara zama a kan kujerar. "Ku sa ni kusa da ita. Ku ɗaura igiya a akwatin, ku ɗaure a turken kabarinta, kamar yadda ake ɗaure kwale-kwale. In na taso, ba zan yi nisa ba."

Bara da rani Julak ya rasu. Kursani ya haɗa masa tabala da fararen falankan nan marasa nauyi, dogo, daidai shi. Liman ya ce bai taɓa ganin an ɗaure mamaci da igiya ba, kuma bai ga inda aka hana ba. Ni na ba da igiyar, sabuwa fil ta kwale-kwalena, na kuma sa aka yi mata ƙulli biyu don na san halin mutumin.

Bana ruwa ya cika har ya fi na shekarar Kai Sabran. Kullum in na dawo daga kai ƙwai sai in karkata kwale-kwale ta maƙabarta, in nemo kan turken Yaya, in zura hannu cikin ruwa in taɓa igiyar. Tana nan a sake, ba ta miƙe ba ko sau ɗaya. Mutane na cewa lakar wurin ce mai riƙo. Ni dai na san yayata. Ta samu mutumin a inda ba shi da katakon da zai je dubawa, kuma akwai sauran maganar gobara da ba ta gama gaya masa ba.